Tela Mai Yankan Filasta

Shekara ashirin da biyu ta yi tana taka keken ɗinki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Tun tana budurwa ake kiranta Tela. Ta yi aure, ta haifi uku, sunan bai sake ta ba. Ko mijinta, direban motar ɗaukar ma'aikata, da shi yake kiranta, sai in zai roƙi wani abu ne yake cewa maman yara.

Kafaɗarta ta dama ce ta riga ta gajiya. Da farko ta kasa ɗaga hannu ta rataya riga a ƙusa, daga baya ɗaurin ɗankwali ma sai an taya ta. Ta sha ƙwayoyi, ta shafa man zafi iri-iri, har masu kawo ɗinki suka fara cewa kayansu na warin kemis. A ƙarshe aka rubuta mata takarda zuwa sashen gashin ƙashi na wani asibiti. Ɗaki ne mai tsawo a ƙasan bene, gadaje shida da labule a tsakaninsu, da wani keke da ake hawa a yi ta tuƙi ba ya zuwa ko'ina.

Likitar sashen doguwar mace ce mai gilashi, magana ba ta dame ta ba. Ta ɗaga hannun Tela, ta juya shi, ta koya mata motsa jiki iri uku da za ta riƙa yi safe da yamma, sannan ta ɗauko wani naɗi shuɗi. Ta ce filasta ce, amma ba ta rufe ciwo ba. Ta auduga ce da zaren roba a ciki, tana miƙewa kamar fatar mutum, ba ta hana gaɓa motsi, kuma babu magani ko ɗigo a jikinta. Iyakarta ta ɗan ɗage fata, ta rage wa wasu zafi, ta riƙa tuna wa jiki yadda ya kamata ya zauna. Samun sauƙi kuwa yana wajen motsa jikin.

Tela ba ta ji rabin bayanin ba, idonta na kan almakashi. Likitar tana yanke kusurwoyin filastar su zagaye, don kusurwa mai tsini ita riga ke kamawa ta ɓanɓare, amma yankan nata duk gargada ne, wani kunnen ya fi wani. Tela ta daure a tsirin filasta na farko. A na biyu ta miƙa hannu ta ce don Allah a ba ta. Ta ninke tsirin biyu, ta yi masa yanka ɗaya mai lanƙwasa, kusurwa huɗu suka fita daidai. Ta ja shi a tsaye ya miƙe, ta ja shi a kwance ya ƙi. Ta ce ai wannan yadi ne, kuma almakashin ya dakushe.

Likitar ta dube ta ta saman gilashi, ta ce ta gyara zama.

Sati shida tana zuwa. In layi bai zo kanta ba, sai ta yanka wa na gabanta. Ranar da aka sallame ta kafaɗar ta yi sauƙi, amma likitar ta faɗa mata gaskiya: in ta koma sunkuyo a kan keke awa goma a rana, za su sake haɗuwa kafin shekara ta zagayo. Ta ƙara da cewa mataimakiyarta ta bi miji wani gari, ko Tela na son aikin. Aka tura ta kwas na wata uku, ta dawo da takardar shaida da farar riga, wadda ta farke ta sake ɗinkewa a ranar don hannun ya yi mata tsawo. Keken ɗinkin ta bar wa ƙanwarta. Tef ɗin awo ne kaɗai ta ƙi bari, kullum yana rataye a wuyanta.

Aikin bai ba ta wuya ba. Likita ce ke duba mutum ta ce ga inda za a liƙa, ga yadda za a ja. Tela ta goge wurin ya bushe tas, ta auna, ta yanka. Takan yage takardar da ke bayan filastar, ta ɗora bakin farko ba tare da ta ja ba, ta sa mutum ya miƙe gaɓar, ta ja tsakiya kaɗan kamar mai sa roba a ƙugun wando, sannan ta kwantar da bakin ƙarshe, shi ma babu ja. Daga nan sai ta murza da tafin hannu, don gam ɗin sai ya ji ɗumi yake kamawa sosai. A satinta na biyu ta taɓa jan bakin a gwiwar wani malamin lissafi. Ya dawo bayan kwana biyu wurin ya yi bororo, ya naɗe wando ya nuna mata. Ta ba shi haƙuri, kuma ba ta sake ba.

Mutane ne suka fi ba ta aiki. Ana gaya musu kada su shafa mai, sai su zo suna ƙyalli kamar yanzu aka tsamo su daga kasko. Ana gaya musu filastar ba ta tsoron ruwa, tana kai kwana uku zuwa biyar, a yi wanka a tsane ta da tawul kada a goga. Sai wani ya ƙi wankan gaba ɗaya don kada ta lalace, ya dawo rana ta biyar a buɗe tagogi. Ga kuma maganar launi. Sashen na da baƙa da shuɗiya da ruwan hoda da ruwan ƙasa, duk abu ɗaya ne, rini kawai ya bambanta su. Amma masu zaman benci sun riga sun yanke hukunci cewa baƙar ta fi ƙarfi, shuɗiyar tana sanyaya ciwo, ruwan hodar ta mata ce. Shekara guda Tela tana musu bayani. Daga baya ta koma tambayar da ta saba yi a shago, wane launi ake so.

Mijinta ma ya shiga hannunta, da bayansa ya fara ciwo saboda zaman mota. Mutum ne mai gashi a baya kamar darduma. Ta ce a rage gashin tukuna, ya ce shi ba a taɓa aske masa baya ba, ba kuma za a fara a kansa ba. Ta liƙa a haka. Ta gaya masa ranar cirewa ya jira ta, a hankali ake yi, ana bin kwanciyar gashi, ana danne fata da yatsa. Rana ta huɗu yana sauri, ya kama baki ɗaya ya fizge. Maƙwabciyarsu ta bugo ƙofa tana tambaya ko lafiya. Tun daga ranar, duk lokacin da Tela ta tambaye shi baya, sai ya ce ya warke.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da sabon aikin nata ba, yayanta magini. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta koyon ɗinki da hannunsa. A wajensa ta bar sana'a mai mutunci ta koma liƙa wa mutane kwalliya. In an haɗu a gidan uwarsu yakan tambaye ta ko ta fara liƙa wa ginin da ya tsage, don yana da katanga biyu da ke jira. Tela takan yi murmushi ta zuba masa ruwa. Tun tana yarinya ba ta taɓa mayar masa da magana ba.

A shekararta ta shida a sashen, wata Talata da hantsi, sai ga shi ta ƙofar baya yana ɗingishi. Likita ta hau sama taro. Ya ce daga wani aiki mai nisa ya dawo, kwana biyu yana naɗe a mota, sharaɓarsa ta hagu ta riƙe. Ya ce ta ɗan matsa masa, ta liƙa masa baƙar nan ya wuce, ma'aikata na jiransa, kuma ba sai kowa ya ji ya zo ba.

Ta zaunar da shi a gado na uku, ta ja labule, ta cire masa takalmi, ta naɗe wandon. Ƙafar ta kumbura, ta yi ja, da ta ɗora bayan hannu ta ji zafi. Ta zaro tef daga wuyanta ta auna sharaɓar dama, ta auna ta hagu. Ta hagun ta ɗara da kusan inci biyu. A kwas an nanata musu wannan har sun gaji da ji: ƙafa ɗaya ta kumbura, ga zafi, ga ja, musamman bayan dogon zama, ba a matsawa, ba a liƙa komai, don wataƙila jini ne ya daskare a jijiya.

"Yaya, ba zan liƙa maka ba," ta ce.

Ya dube ta kamar bai gane yaren ba. Ya ce shekara shida yana jin labarin filasta, yau da ya zo da ƙafarsa sai a ce babu? Ko don maganganun da yake yi ne take ramawa? Ta ce ba haka ba ne, sama za su je a ɗauki hoton ƙafar. Ya ce shi ba hoto ya zo ɗauka ba, ta miƙo masa takalminsa.

Ta ɗauki takalmin hagu, ta buɗe kabad ɗin da ake ajiye filasta, ta sa shi a ciki, ta kulle, ta jefa makullin a aljihun farar riga. Sannan ta turo keken marasa lafiya ta tsayar a gabansa.

"Ni kike kulle wa takalmi?"

"Kai, Yaya. Ka hau."

Ya dubi kabad ɗin, ya dubi keken. Mutanen benci duk sun miƙo wuya. Magini ne mai ma'aikata goma sha biyar a ƙarƙashinsa, ba zai ratsa asibiti da takalmi ɗaya ba. Ya hau. Ta tura shi har ɗakin gaggawa yana faɗa mata abin da zai gaya wa uwarsu, tana cewa to.

Hoton ya nuna jinin ya daskare, tun daga sharaɓa har bayan gwiwa. Likitan da ya duba ya ce da an matsa ƙafar, ko da ya koma ya hau tsani, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Aka kwantar da shi kwana tara, aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Tela ta fita bayan ginin, ta zauna a kan wani bulo, ta yi kukanta na minti biyar, ta wanke fuska a famfo, ta koma ta yanka wa wata mai ciwon wuya tsiri biyu.

Kwana uku tana kai masa abinci yana juya mata ƙeya. A na huɗu ya tambayi takalminsa.

Da ya koma bakin aiki, labarin ya canza kama. Duk leburan da ya dafe ƙugu sai ya turo shi wajen ƙanwarsa, ya ce filastarta ce ta ceci ransa, baƙar, kada su yarda a ba su wata. Wasu sukan zo da lafiyarsu ƙalau, don kawai maigida ya ce. Likita ta duba su, ta sallami mafi yawa da motsa jiki.

Sau ɗaya Tela ta gwada gyara zancen. A gidan uwarsu ne, 'yan'uwa sun cika falo, yana tsakiyar bayanin yadda ya ji sanyi na ratsa ƙafarsa da aka liƙa masa. Ta ce a hankali, ai Yaya ko tsiri ɗaya ba a sa maka ba. Ya ajiye kofi, ya ce ƙafar tasa ce ko tata? Kuma tun yaushe ta fara katse babba yana magana?

Uwarsu ta ce ta ba yayanta haƙuri. Ta ba shi, ya ci gaba daga inda ya tsaya.