Burodin Czech da ya kusa raba ni da mahaifina

A lokacin ni mai sayar da masa ce a bakin Kasuwar Shanu ta Potiskum. Direbobi da dillalai ne ke karyawa a wurina, kuma ina ji da kaina ƙwarai, ga shi bakina ba ya shiru.

Ƙanena ya dawo daga karatu a ƙasar Czech, kullum zancensa wani ɗan burodi da tsohuwar da ya zauna a gidanta take gasawa. Da na gaji na ce ya nuna mini. A bidiyon wayarsa na ga tsohuwar tana murza ƙullin fulawa, ta naɗe shi, ta lanƙwasa kamar ƙahon sa. Sai na ga ta tsiyaya wani abu mai kumfa daga kwalba. Ƙanena ya ce giya ce, shi ya sa nasa daban take yi masa da madara. Na yi a'uzubillahi, amma wallahi idona bai bar hannun matar nan ba.

Na ce kumburin da giya ke sa fulawa ta yi, ƙullun masa da ya kwana ma zai sa ta yi. Na tace ruwansa, na haɗa da lemon malt, na kwaɓa fulawa da shi. Na farko ya fito kamar dutse, ƙanena ya yi ta yi mini dariya. Na ƙi haƙura. Ranar da ya yi, na zuba yashi a tukunya, na jera burodin a faranti, na ɗora garwashi a kan murfi. Da na buɗe sai na zauna a ƙasa. Sun kumbura, sun yi ja, ƙamshi ya cika gida. Na ɓara ɗaya, tururi ya tashi, cikin laushi kamar auduga. Na rasa abin cewa sai subhanallah.

Kuskurena a kasuwa na yi shi. Wani direba ya ci, ya tambayi sunan abin. Don burga na ce burodin Czech ne, a can da giya suke yi, nawa dai babu. Rabin farko ne kawai ya zaga kasuwa. Kafin Larabar kasuwa ta zagayo bencina ya zama wayam, har masar ma an ƙaurace mata. Wannan na jure. Abin da ya karya mini zuciya shi ne kwanon da nake aika wa mahaifina kowace safiya, tsohon dillalin shanu ne, ya dawo a rufe. Ya aiko cewa ba zai ci daga hannun da bai san abin da yake taɓawa ba. Na yi kuka sosai.

Rantsuwa ba za ta yi ba, na san halinsa. Na kwashi fulawa da ƙullu da tukunya na tafi zaurensa, na gaishe shi, na kwaɓa a gabansa. Ya karɓi kowane abu ya shinshina. Muka zauna jiran kwaɓin ya tashi. Can ya ɗaga ƙyallen da na rufe kwaɓin, ya ga ya ninka kansa, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko da gaske ruwan shinkafa ne kawai ya yi wannan, sannan ya ce ikon Allah sai kallo. Da ya gasu ya yi bisimilla ya ci, ya sa aka kira abokansa na kasuwa suka ci tare.

Wasu masu sayen sun dawo, wasu har yau ba sa kallon rumfata. 'Yan uwana masu sana'ar abinci, ku kula da bakinku kamar yadda kuke kula da tukunyarku. Mutum yana cin abincinki ne don ya yarda da ke, ni kuwa da magana ɗaya na sa uban da ya haife ni ya shinshina abin da zan ba shi.