Wadda Ta Juya Gadon Baba

Ran Juma'ar da na ɓata wa kowa cin abincin rana a gidan Yaya, a unguwar Sih da ke Madina, wallahi ba da niyyar faɗa na je ba. An shimfiɗa leda, an ajiye farantin shinkafa da kaza, sai Yaya ya zaro wayarsa ya ce wata jarida ta jera mutanen da suka fi kowa girma a tarihin Amurka. Shi fa can ya yi karatun injiniya, tun da ya dawo kuwa ko ruwa ka miƙa masa sai ya gaya maka yadda ake shan sa a Amurka.

Aka hau gardama. Matarsa ta ce ɗan dambe, ƙanenmu ya ce mai ƙera wayoyi, 'ya'yan gidan suna tsoma baki da Larabci, wannan ta ce mawaƙi, wancan ya ce ɗan ƙwallo. Ni cin abincina nake yi, ina ruwana da su. Sai Yaya ya ɗaga hannu.

"Duk wannan kalam fadi ne, surutu kawai. In ana maganar manya, a sa farfesan nan da ya duba Baba, Allah yarhamu. Wannan shi ne mutum."



A Madina aka haifi Baba. Mahaifinsa da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, yana tafe yana tsayawa ƙwadago a Sudan, ba don komai ba sai don ajali ya same shi a garin Manzo. Baba ya gaji wannan buri har ya fi mai shi. Aikin gonar dabino ya yi a Awali, a gefen Madina, har gwiwoyinsa suka ƙi hawa. In yankan dabino ya kai shi garin Haibar ba ya kwana, ko bayan motar kaya ce zai hau ya dawo, kada mutuwa ta riske shi a waje. Muna yara dariya muke yi masa. Tsofaffin unguwarmu da yawa haka suke, ko biki aka gayyace su Jidda sai sun nemo uzuri.

Da ciwon daji ya kama hantarsa, Yaya ya yi ta zirga-zirga har aka samu takardar fitar da shi Amurka, wurin wani farfesa da Yaya ya ce duk duniya babu na biyunsa. Baba ya ƙi, ya ƙi, ya ƙi. Ranar da ya yarda ni ya kira ɗakinsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ya riƙe wuyan hannuna.

"Uwata, zan je don kada yayanki ya ce na ƙi magani. Amma in kika ga babu hali, ki mayar da ni da raina. Ban ce gawata ba."

Na ce, "Na yi alkawari, Baba."

Mu uku muka tafi. Hoton farfesan yana ƙofar asibitin, yana bangon mujallun ɗakin jira, har a talabijin ɗin ɗakin Baba mun gan shi yana murmushi. Shi kansa ne ba mu gani ba. Yana yawon taruka, ƙananan likitoci suna ta ɗiban jini, aka ce sai nan da kwana goma sha biyu zai zo.

Wadda muke gani kullum da safe wata nas ce, baƙar mace mai jiki, furfura ta fara fito mata, da sarƙar gicciye a wuya. Rana ta biyu ta lura Baba yana murɗa wuyansa wajen taga in zai yi salla a kwance. Ta tambaye ni da hannu, na nuna mata alƙibla a waya. Ta taka birkin gadon, ta juya shi ita kaɗai, ta jawo sandar ƙarin ruwa ta bi shi da ita. Masu aikin yamma su mayar da gadon yadda yake, ita kuma da safe ta sake juyawa. Ba ta taɓa gajiya ba, ba ta taɓa yin tsaki ba.

Wata safiya, bayan ta goge masa jiki, ta ja ni baranda. Turancina na gaisuwa ne, sai ta karɓi wayata ta yi rubutu, wayar ta mayar da shi Larabci. Ta ce ta ga irin wannan jikin sau da yawa. In tsohon nan gida yake so, a cikin makon nan ne, mako mai zuwa babu likitan da zai sa hannu a ɗauke shi a jirgi. Ta ce ba huruminta ba ne ta faɗa, amma ta ga yadda yake kallon taga.

Na kai wa Yaya wayar. Ya karanta, ya yi wata dariya da har yau nake ji a kunnena.

"Ke ma dai! Mai canza zanen gado ce za ta koya wa farfesa aiki? Muna da mau'idi, an ba mu ranar ganinsa, mun keto duniya dominsa, sai mu gudu saura kwana shida? Halas, kar na sake jin maganar nan. Kuma kar ki kuskura ki gaya wa Baba."

Bai tsaya nan ba, ya je ofis ya kai ƙararta, wai tana tsorata iyalin majiyyaci. Washegari wata nas ce daban ta zo. Gadon Baba ya koma kallon talabijin, ni da Yaya muka yi ta fama da birkin muka kasa.

Ni kuma na yi shiru. A gidanmu ƙanwa ba ta mayar wa babban wa magana, kuma ba a gaya wa marar lafiya ya kusa. Haka aka rene mu, ana kiran sa tarbiyya. Kullum Baba ya buɗe ido sai ya ce, "Uwata, yaushe jirgi?" Ni kuma in ce, "Bayan farfesa ya zo, Baba." Yakan dube ni ya daɗe, sannan ya rufe ido.

Farfesan ya zo ranar da aka ce, da zugar ɗalibai a bayansa. Bai taɓa Baba ba. Ya duba takardu, ya yi magana da Yaya a tsaye, ko shayi ba zai huce ba a ɗan lokacin da ya yi. Ya ce babu abin da za a iya yi, tun sakamakon farko abin a fili yake. Yaya ya tambayi maganar jirgi, farfesan ya girgiza kai ya ce ai an makara. Ya miƙa wa Yaya hannu, Yaya ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa.

Kwana biyar bayan nan Baba ya cika, da hantsi, ana ruwan sama a garin da bai iya faɗin sunansa ba. A cikin akwati ya dawo Madina, a ƙasan jirgi tare da jakunkunan mutane. An sallace shi a Harami, an binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Masu ta'aziyya suna ta cewa ai alhamdu lillahi ya dawo gida, Yaya yana gyaɗa kai. Na san Allah ba ya tozarta niyyar bawansa, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma ba wannan Baba ya roƙa ba.

Duk wannan ne ya taso mini a gaban farantin shinkafar. Na ajiye cokali na ce, "Yaya, kar ka sake ambaton mutumin nan a gabana. Me ya yi wa Baba? Hotonsa muka jira har Baba ya rasa jirgi. Da ɗan dambenku da mawaƙinku da farfesanka, duk a tara su ba su kai takalmin matar da ka kai ƙara ba. Ita ce babbar Amurka, in babba kuke nema."

Shekara arba'in da wani abu ban taɓa ɗaga masa murya ba. Matarsa ta ce, "Salli alan Nabi, ya ukti," na yi salatin amma ban sauko ba.

Yaya ya ajiye wayarsa. Sannan ya ce, a hankali, "To sa ta a jerin mana. Yaya sunanta?"

Ban san sunanta ba. Sunan yana manne a ƙirjinta kullum, a gaban idona, ban taɓa karantawa ba. Ko na gode ban ce mata ba, don ranar da aka ɗauke ta ina kusurwa ina yi wa Yaya biyayya.

Na ɗauki abayata na fita ban yi sallama ba. Haushin farfesan ina ji, haushin Yaya ina ji, zan kuma ci gaba da ji. Sai dai a mota na tarar ina murza wuyan hannuna na dama. Nawa Baba ya riƙe ranar alkawarin nan, ba na Yaya ba.