Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Ranar da muka sake buɗe shagonmu na Titin Koudoukou bayan boren sojoji na biyu ya lafa, kwamfutar Baba ta ƙi tashi. Na kunna ta, ta yi ɗan kukanta na kullum, farin rubutu ya fito a baƙin allo, ta ƙirga lambobinta, sai ta tsaya cak. Wani ɗan layi ne kawai yake ƙiftawa a ƙasa. Na kashe na sake kunnawa, ta kuma tsayawa a daidai wurin.

Ni ce mai aiki da ita. Na koyi buga rubutu a wata makaranta a cikin gari, shi ya sa Baba ya ware mini lungu a shagon atamfofinsa, ina buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki da Faransanci. Shi bai taɓa danna ko harafi ɗaya ba, amma duk yankin kasuwar Kilomita Biyar an san yana da kwamfuta, don ko hanya mutum ya zo tambaya sai an nuna masa ita. Keken ɗinkin Inna ya sayar ya cika ya sayo ta, kuma sai da aka fita da keken sannan ya sanar da mai shi.

Kwanakin harbe-harben a gidanmu na unguwar Kokoro kwamfutar ta yi su, a ɗakin Inna, lulluɓe da bargo. Saboda haka Baba ya yanke cewa ƙarar bindiga ce ta firgita ta, a bar ta ta huta. Ta huta kwana biyu, ba ta canza ra'ayi ba.

Aka aika wa Baffa, ƙanen Baba, mai gyaran rediyo a unguwar Yakité. A wurin Baffa babu injin da ba ya jin mari. Ya zo ya zagaya ta, ya shinshina bayanta, ya ɗora mata tafi biyu a gefe. Ya ce wutar unguwarmu ce ba ta da ƙarfi, aka ɗauke ta zuwa shagon maƙwabci mai janareta, ta tsaya a can ma, a gaban jama'a. Ni kuwa na riga na cire wayar na'urar buga takarda, na canza madannai, na duba ko an manta faifai a bakinta. A ƙarshe Baffa ya ce babu makawa sai an buɗe cikinta.

A nan Inna ta sa baki. Ita da ba ta zuwa shago sai da dalili, kwana uku ke nan tana kawo abincin rana da kanta, ta zauna a kan dilar atamfa tana kallonmu. Ta ce kada a taɓa cikin abin nan, ita tana ganin iska ce ta shige ta, don lokacin boren ta sha jin motsi a ƙarƙashin bargon. Na juya na dube ta. Inna ce fa, wadda ta taɓa korar mai maganin aljanu daga ƙofar gidanmu da muciya.

Baba ya ji daɗin wannan bayani fiye da na Baffa. Ya kira wani malami da bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, yana sayar da turare a bakin kasuwa. Malam ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa wa allon, ko kallon akwatin da ke ƙarƙashin tebur bai yi ba, alhali can ciwon yake. Ya ce kada a taɓa ta sai bayan Juma'a. Inna ta fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Ina goge tofin ne na leƙa bayan akwatin. Notikan huɗu duk sun karce, irin karcewar da tsinin wuƙa yake yi, ɗaya ma a karkace aka mayar da shi.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, na ja ƙofar shago, na ɗauki sukundireban da Baffa ya bari. Ina zare murfin na ga ƙullin ɗankwalin da na sani, an cusa shi a wani sarari, ya ture wata waya mai faɗi kamar ɗamara har ta fita rabi daga mazauninta. Na kwance ƙullin. Sarƙa ce da awarwaro da 'yan kunne, gwal ɗin Inna da ya ɓace tun boren farko. Mako guda Baba ya yi yana karɓar jaje a kan wannan gwal, kuma babu sojan da bai tsine wa ba, har da waɗanda ba su yi bore ba.

Ina tsugune Inna ta turo ƙofa da kwanon abinci. Ta dubi ƙullin, ta dube ni, ta ajiye kwanon a hankali.

"Inna, ai da an shigo gidan, kwamfutar za a fara ɗauka."

"Ke ba ki san komai ba," in ji ta. "Ofishin da aka fasa a bayanmu, talabijin ɗin kwamfutocin kawai suka kwashe. Akwatunan har yau suna cikin kwata."

Na tambaye ta me ya sa ta ce wa Baba ya ɓace. Ta ce mutumin da ya sayar da keke bai tambaya ba, in ya ga gwal jirgin sama zai sayo. Niyyarta ta cire kafin a dawo da kwamfutar shago, sai Baba ya yi sammakon ɗauka tana banɗaki.

Na danna wayar ta koma mazauninta, na rufe, na kunna. Ta ƙirga lambobinta, ta ɗan tsaya, sai ta wuce. Inna ta juye tuwon a wani kwano, ta sa ƙullin a wanda ta zo da shi, ta rufe da faifai, ta ce in na faɗa wa ubana ba ita ta haife ni ba.

Da maza suka dawo suka tarar ina buga wasiƙa. Malam ya ce ai ya faɗa, bayan Juma'a. Baffa ya ce marinsa ne, dama irin wannan sai ya kwana biyu yake ratsa inji. Suka yi ta musu har la'asar, rabi da Hausa rabi da Sango, yaren garin, Baba yana ba kowa gaskiya. Babu wanda ya tambaye ni.

Mako na zagayowa Baffa ya sa aka ƙara gyaran kwamfuta a allon shagonsa, da kuskuren rubutu biyu. Kwamfuta uku aka kai masa a shekarar, kuma duk ukun da yamma ya lallaɓo da su wurina a cikin buhun garin rogo.