Ranar da Na Fara ta Hannun Dama

Cikin abubuwan da Allah Ya nuna mini, akwai wata hantsi a zaurenmu na Ƙofar Sauri da ba za ta taɓa fita raina ba.

Autata tana shekarar ƙarshe a karatun injiniya, saura 'yan kwanaki ta gabatar da aikinta gaban malamanta. In ya ƙi, sai ta maimaita shekara. Ta shigo da wani faifai mai gida-gida kamar ramukan dara, ta ce samfuri ne na bangon da ake umarta ya karkata siginar waya inda ake so. Kowane gida yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa da fitila. Umarni yana shiga ta kusurwa guda, maƙwabci ya miƙa wa maƙwabci.

Ni mutum ne mai son bin diddigi. Na ce, "To, in wani ya mutu a hanya fa?"

"Ai aikin nawa ke nan, Baba. Zagayawa saƙon yake yi."

Ta danna na tsakiya ya mutu. Sai ga haske ya kewaye shi kamar ruwa ya tarar da dutse, ya wuce abinsa. Na yi tasbihi. Ta yi dariya ta ce in kashe wanda na ga dama.

Hannuna da ya girma a kan allo da Ajami bai san wani mafari ba sai dama. Na yi bisimilla, na danna na sama ta dama. Faifan gaba ɗaya ya yi ɗif.

"Baba! Mi ya kai ka nan?"

"Daga ina kuma ake farawa?"

Ashe nan ce ƙofar da umarnin ke shiga, ita kaɗai. Abokan karatunta, da suka saba da rubutun boko, duk daga hagu ko tsakiya suke gwadawa, ba wanda ya taɓa ta. Idanunta suka ciko. Mahaifiyarta ta leƙo ta ce, "Share hawayenki, gara ubanki da malamanki."

Kwanakin da suka rage ta yi su tana buɗe wa faifan ƙofa ta biyu ta ɗaya kusurwar, ni ina gefe ina damun ta da tambaya. Allah Ya taimake ta, ta haye.

Tun ranar na gane cewa in ka gama abu, ka miƙa wa wanda hannunsa bai saba da naka ba. Wanda kuka yi karatu ɗaya, inda ka tsallake nan shi ma zai tsallake.