Fulawa a Hannun Mai Girki

'Yata ta fari tela ce. Shagonta ɗaki ne guda a bakin titi, da keke biyu, da teburin yanka, da madubin da ya tsage ta kusurwa. An san ta da iya ɗinki, an kuma san ta da faɗa. Amma faɗan ba da shi aka haife ta ba. Tana yarinya, ko kaza aka ce ta kora sai ta tsaya lallashinta. Ciwon 'yarta ne ya mayar da ita haka.

Jikar tawa tun tana ƙarama ba ta kumari. Ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara, gudawa yau da gobe, har sunan Siririya ya bi ta makaranta. Mun sha yawon asibiti kafin wani likita ya ɗibi jininta, ya duba hanjinta, ya ce ciwon sunansa siliyak. Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na riƙe dai shi ne, duk abin da alkama ta shiga, cikinta ba ya ɗauka. Ba burodi, ba taliya, ba biskit. Ko ɓurɓushi ne yana iya kwantar da ita da amai da murɗar ciki. Magani kuwa babu, sai kiyayewa.

Daga ranar Tela ta raba tukunya, ta raba ludayi, ta ɗaura wa na Siririya jan ƙyalle daga ragowar yadi. A gida aka samu lafiya. Waje ne ya gagara. Maƙwabta suka ce iyayi ne. Ƙanwar mijinta ta ce, "Mu da muka tashi da burodi mutuwa muka yi?" A gidan abinci kuwa, in ta gama bayani, sai a ɗauke burodin daga kan faranti a sake miƙo mata farantin nan dai. A nan ta koyi ɗaga murya.

Bara Siririya ta rasa jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, saboda wani nama da aka rantse mata ba alkama a jikinsa. A gado ta wuni ranar. Ubanta ya ce in bana ma ba ta zauna jarrabawar ba, to ta haƙura ta kama keke a shagon uwarta.

A wani gari ake yin jarrabawar, bayan azahar. Muka fita da sassafe mu uku, Tela ta zubo abincin yarinyar a kula. A hanya mota ta lalace, aka sauya mana wata, sai da muka sauka muka ga kular ta zauna a ta farkon. Siririya ba ta ci komai ba tun shayin safe, ga ta da ƙarancin jini, yunwa kaɗan sai jiri. Layin makarantar duk masu sayar da biro ne da masu ɗaukar hoto. Gidan abinci ɗaya ne tak.

Mai kawo abinci ya tsaya a kanmu da tire a hammata. Tela ta yi masa bayani a hankali.

"Hajiya, ciwon suga ne?"

"Ba suga ba ne. Alkama ce ba ta ci."

"Ai mu ba ma dafa alkama. Ga taliya, ga burodi da ƙwai."

Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Ta miƙe ta wuce shi, ta ɗaga labulen kicin ta shiga. Na bi ta a baya.

Kicin ɗin ƙarami ne, zafi kamar a gasa mutum. Mai girkin dattijuwa ce mai jiki, ta ɗaura tawul a wuya. Ta saurari Tela har ƙarshe ba ta katse ta ba, abin da ban saba gani ba.

"Allah sarki," ta ce. "'Yar nan ta bakin taga? Bari in yi mata nata daban."

Ta wanke tukunya a gabanmu, ta ɗora sabuwar shinkafa. Ta ɗauko kasko mai tsabta ta zuba sabon mai. Tela na tsaye a bakin ƙofa, idonta na bin kowane cokali. Ana cikin haka mai gidan abincin ya shigo, ya ce doka ta hana baƙo shiga kicin, mu fita. Tela ta ce ba inda za ta. Suka ja juna da magana har bakin kanta, ni ina tsakani ina ba da haƙuri. Kafin mu rabu da shi an riga an kai wa Siririya faranti.

Da muka koma tebur, cokali na hannunta. Shinkafa ce fara, da kifi soyayye kwance a kai.

"Tsoho, zo mu ci," ta ce da ni, "kada ka faɗi a hanya a ce ban kula da mijina ba."

Uwarta ba ta yi dariya ba. Ta riƙe mata hannu, ta sa farce ta kankare bayan kifin. Wani ɓawo ya ɓantaro. Ta ɗauki farantin ta koma kicin.

"Baba, me kika sa wa kifin nan?"

"Gishiri kawai, 'yata. Wallahi gishiri kawai."

Tana rantsuwar tana aiki, don akwai masu jira. Hannunta ya ɗauko wani ɗanyen kifi, ya jefa shi cikin kwanon fulawa da ke gefen murhu, ya juya shi, ya kakkaɓe. Har ta kai shi bakin kasko, sai ta tsaya. Ta dubi yatsunta, fari fat. Ta dubi farantin da ke hannun Tela.

"Tun ina budurwa haka nake yi," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Don kada ya kama kasko. Ban ma san na yi ba."

Na jira faɗan da na saba ji, bai zo ba. Tela ta ajiye farantin ta koma wajen Siririya.

"Kin ci kifin?"

"Ban taɓa shi ba, Mama. Shinkafar gefe na ci."

"Ta ƙarƙashinsa fa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Kaɗan."

Can sai ga mai girkin da kanta, ta kawo dafaffen ƙwai a kofi, da ɓawonsa.

"Ɓare da kanki, jikata. Kada hannuna ya sake taɓa miki komai."

Siririya ta ci, ta sha ruwa, muka raka ta ƙofar makaranta. Mai gadi ya ce wanda ya fito daga zauren ba ya komawa. Tela ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu, ta ce, "In ciwon ya taso, ki cije. Ki fara da tambayoyin da kika sani."

Muka zauna a gindin katanga inda ake hango ƙofar zauren. Duk lokacin da ƙofar ta motsa sai Tela ta zabura. Wani yaro ya fito, ba ita ba. Wata mai farin mayafi irin na Siririya ta fito tana share hawaye, Tela ta miƙe har ta yi taku, sannan ta dawo ta zauna. Ta kama bakin rigata tana tsinkar wani zare, har ta warware mini rabin kalmasa ba ta sani ba. Ban hana ta ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa suka fito a tare, jama'a guda. Siririya na can baya, tana tafiya a duƙe, hannu a ciki, goshinta duk gumi. Uwarta ta kutsa ta tare ta.

"Kin kai ƙarshe?"

"Na amsa duka," ta ce. "Mama, ina banɗaki?"

Tela ta ja hannunta suka bi bayan ginin da gudu. Ni kuma na tattara jakunkunansu na koma gindin katanga ina jira.