Gilashin Alman

Duk sanda kawu ya kawo tattasai kasuwar Diffa, yakan zo da ƴarsa Falmata daga ƙauyensu na bakin Komadugu. Sa'ata ce, kuma in ta zo, gefen zanen Kaka ya zama nata ke nan.

Bayan isha'i Kaka takan hura wuta a tsakar gida, ta kwance bakin zane, ta ciro wani guntun gilashi shuɗi. Mijinta ne ya kawo shi daga Jamus, wadda take kira Alman, inda ya yi soja ƙarƙashin Faransa bayan babban yaƙin duniya na biyu.

"Wannan ba tatsuniya ba ce," in ji ta. "Mai gyangyaɗi ya tashi tun yanzu."

A wani birni can, Yahudawa suna da ɗakin ibada da kakannin kakanninsu suka gina, mai ƙubba da tagogi masu launi. A nan suke raɗa suna, a nan suke ɗaura aure. Wata rana mutanen gwamnati suka cinna masa wuta, maƙwabta na kallo. Masu kashe gobara sun zo, amma gidajen gefe kaɗai suka yi ta jiƙawa. Daga baya aka kwashe masu ibadar, yawancinsu ba su dawo ba. Wani tsoho da ya tsira ya tarar da kakanmu yana salla kusa da kangon, ya ciro gilashin daga aljihu ya ba shi.

Nan ne ciwona yake. Kaka sai ta miƙa wa Falmata gilashin ta kalli wuta ta cikinsa. Kullum Falmata. Kafin ya iso hannuna ya ɗau ɗumin tafinta, wutar ma ta zama garwashi.

"Kaka, ni fa?"

"Ke ƴar birni, ba ga ku da lantarki ba? Bar baƙuwa ta gani."

Da Kaka ta rasu, ta bar wa Falmata gilashin. Kishi ya ci ni sosai, kuma girma bai warkar da ni ba. Ni na haddace labarin, ni nake wanke wa Kaka kwano, amma gilashin ya bi mai zuwa da buhun tattasai.

Shekarar da aka ƙone ƙauyen su Falmata har da masallacin, na je sansanin ƴan gudun hijira na Assaga na same ta a rumfar leda, tana ba yaranta labarin. A bakinta birnin Alman ya samu kogi da gonakin tattasai. Gilashin na ɗaure a bakin zanenta, wallahi idona bai bar wurin ba. Ta lura, ta kwance, ta miƙo.

"Karɓi, ƴar'uwa. Ni na ga tawa wutar ba gilashi."

Na karɓa. Yana cikin akwatina yanzu, kuma har yau ban iya ɗaga shi gaban wuta ba.