Abin da Baba Ezekiel Ya Ɓoye

Duk wanda ya yi aiki a masaƙun Kakuri da ke Kaduna a shekarun tamanin zai iya tuna Ezekiel Gyang, gajeren mutumin nan daga Filato da ke sashen saƙa. A sashen nan ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji ko muryar kansa, da ido da hannu ake magana, kuma a nan ya gano yana iya sa mutum arba'in dariya bai buɗe baki ba. Abokin aikinsa Dauda, wani dogon Bazazzagi da ke zaune a Tudun Wada, ƙetaren kogi, shi kuwa baki gare shi. Ya kwaikwayi manaja, ya kwaikwayi mai gadi, har matar da ke sayar musu da shinkafa da wake bai bari ba. Ba bikin ma'aikatan da za a yi ba a kira su biyun ba.

Masaƙa ta rufe, ciyawa ta cinye harabarta. Ezekiel ya koma gyaran kekunan ɗinki a wani ɗan shago a Trikania. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci. Wasan kwaikwayo dai bai bari ba, sai dai tun rikicin shekarar 2000 bai sake tsayawa gaban jama'a tare da wani ba. Maƙwabta sun san ya buga wa ƙofar bayan gidansa ƙusoshi, sun kuma san idan ya hango dogon mutum daga baya a kasuwar Kakuri sai ya bi shi har ya ga fuskarsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Da ya haura sittin sai ya fara tara matasa masu sha'awar wasa, kowace Asabar da rana, a wani aji na makarantar coci a Narayi. Dokarsa ba ta da yawa. Mutum ɗaya zai tsaya, benci ɗaya za a ba shi, kuma labarin da zai bayar sai wanda ya faru da shi. Idan ɗalibi ya fara ƙawata magana, Baba Ezekiel ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wane irin takalmi ne a ƙafarka ranar? Ba ka tuna ba? To zauna ka tuna, mu ba sauri muke ba."

Ta haka Albert, direban keke mai ƙafa uku, ya yi wasa kan ranar da wata fasinja ta haihu a kekensa, aka yi ta gayyatarsa bukukuwa. Amma wadda ta fi ba shi aiki ita ce Christy, tela mai shekara ashirin da shida, wadda ta taso daga wani ƙauye a kudancin jihar bayan an kai musu hari. Wata huɗu tana zuwa, da ta kai labarinta wurin da mahaifinta ya ce mata ta ruga cikin gonar dawa sai ta tsallake, ta ce, "Shi ke nan, muka zo Kaduna." Kullum Baba ya mayar da ita baya.

Wata Asabar ta gaji. Ta zauna a kan bencin ta dube shi.

"Baba, kowa a ajin nan ya buɗe maka cikinsa. Kai fa? Labarin manaja da mai gadi kawai muke ji. Sai ka faɗi naka ni ma zan faɗi nawa."

Albert ya ce mata ta ji tsoron Allah, ai uba ne. Baba Ezekiel ya ce a ƙyale ta, ya ɗauki hularsa ya fita. A satin nan keken ɗinki uku aka kawo masa gyara, ko ɗaya bai taɓa ba.

Asabar ta zagayo, ya zo da wuri, ya ja bencin da kansa ya tsaya a bayansa. Ya ce musu a Fabrairun 2000 shi da Dauda suna shirya wani sabon wasa. Dauda ya ce a ɗaga gwajin wasan da za su yi a gidan Ezekiel ranar Litinin, gari ba lafiya, matarsa Hajara ma ta roƙe shi ya zauna gida. Shi Ezekiel kuwa ya yi ta tsokanarsa a gaban ma'aikata, yana kiransa matsoraci, har Dauda ya ce to zai zo. Ya zo kuwa. Suna cikin gwaji hayaƙi ya fara tashi ta wajen gari. Kwana biyu Dauda ya yi a ɓoye a ɗakin ajiyar kayan abincin gidan. A rana ta uku da hantsi wasu samari suka fara bi gida gida, aka ce duk gidan da aka samu baƙo za a ƙona shi da mutanen ciki.

Nan ya riƙe bencin da hannu biyu.

"'Ya'yana huɗu suna ƙarƙashin gado. Na buɗe masa ƙofar baya na ce ya bi layin dogo. Ya dafa kafaɗata, ya sunkuya saboda tsawonsa, ya fita. Bai isa gida ba. Da ƙura ta lafa ɗan'uwansa ya zo masaƙa yana tambaya, na ce ban gan shi ba."

Ba wanda ya tafa. Christy ta tashi, ya ba ta wuri, ranar ta kai labarinta har cikin gonar dawa, har abin da ta jiyo daga can.

Albert ne ya ce in Baba ya yarda zai kai shi Tudun Wada. Sai da aka yi sati uku kafin ya yarda. Suka haye gada da safe, suka tarar gidan ya koma hannun wasu. Wani tsohon mai shayi ya ce Hajara ta rasu shekara shida da suka wuce, amma 'yar autarsu Sa'adatu tana aure a Rigasa. Ya kwatanta musu.

Sa'adatu ta shimfiɗa wa Baba Ezekiel tabarma a zaure, ta kawo ruwa. Ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"Umma ta je asibitoci, ta je wajen 'yan sanda," ta ce. "Har ta rasu tana cewa ba ta san ko ina ya nufa ba ranar. Ya ce mata zai je ya dawo ne kawai."

"Laifina ne, 'yata."

"Ya ci abinci a kwana biyun, Baba?"

"Ya ci. Matata ta yi masa gwate, ya ce gishiri ya yi yawa."

Ta yi wata 'yar dariya, hawaye na zuba, ta ce shekararta huɗu lokacin, ko fuskarsa sai a hoto. Ya jira ta ce ta yafe, ko ta zage shi, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Ta karɓi lambar wayarsa, ta ce za ta yi shawara da yayyenta maza, ta raka su har bakin keke.

Wata bakwai ke nan ba ta kira ba. Baba Ezekiel, wanda a da yakan manta wayarsa a shago har kwana biyu, yanzu a aljihun gaba yake ajiye ta, ko a aji ba ya kashewa. Christy ta kai wasanta Jos da Abuja, ita ce ma ke karɓar sababbin ɗalibai in ƙafafunsa sun kumbura. Ɗaliban sun roƙe shi ya kai nasa labarin babban dandali, ya ce a'a, sai 'ya'yan Dauda sun ba shi izini.